Kuɗi Sun Fita, Kaya Ba Su Tafi Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Shirin yau na samari da 'yan mata ne masu karatun jarrabawar admin, wato mai kula da manhajar cinikin kamfani. Amma Alhaji mai shago, kada ka murɗa akwatin, domin kuɗin da za mu yi magana a kansu naka ne. Batun shi ne: idan an ɗora wa kwamfuta karɓar oda da fitar da kaya, sai aiki ya karye a tsakiya, me ya kamata ya faru?

Kafin mu amsa, mu waiwaya baya: New Bell ta nan birnin Duwala tun asali unguwar baƙi ce. Jamusawa ne suka ware ta gab da yaƙin duniya na farko, lokacin da suka ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala na bakin kogi, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Masu ƙasa ba su yarda sun tare a nan ba, sai baƙi suka cika wurin: Hausawa, Bamileke, Basa da sauransu. Cinikin iyayenmu kuwa na nesa ne. Kaya su tashi daga bakin teku su nufi Ngaundere da Garwa da Marwa, har Njamena, mai su bai bi su ba. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne maigida mai saukar baƙi. Idan kaya suka ɓata ko kuɗi suka maƙale, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ita kwamfuta ba ta zo da ƙofa ba. Admin ne zai yi mata.

A watan Nuwamban 2019 Jumia ta rufe kantinta na intanet a Kamaru, amma cinikin waya bai mutu ba, sai ma ya bazu a WhatsApp da Facebook. Wanda harkarsa ta yi girma kuma sai ya nemi manhaja. Wasu suna aiki da Odoo na ƙasar Beljiyam, wasu da abin da wani matashi ya haɗa musu, manyan kamfanoni na duniya da yawa kuma da Salesforce. Daga Salesforce zan ɗebo misalai, saboda jarrabawarsa sananniya ce, karatunta kuma kyauta ne a dandalinsa na Trailhead. A tsarin da aka saba, tambayoyi 60 ake ƙirgawa, cikin minti 105. Amma darasin bai tsaya ga manhaja ɗaya ba.

To, mu ɗauki misali. Wata Hajiya a Garwa ta yi odar shadda turmi uku daga wani shago a gefen Kasuwar Kongo. Komand, in ji mutanenmu na nan. Tsarin da admin ya gina a Flow Builder na Salesforce zai yi abu biyar a jere. Ya rubuta odar. Ya cire turmi uku daga lissafin kayan sito. Ya nemi kuɗi ta wayar Hajiya. Ya fitar da takardar da ɗan benskin, wato ɗan acaɓa, zai ɗauki kaya da ita zuwa ajans, wato tashar mota. Sannan ya aika wa Hajiya saƙo cewa kaya suna hanya. Ranar da komai ya tafi daidai, babu wanda zai tuna akwai admin a duniya.

Washegari waya ta yi ƙara a shago.

"Yaro, tun jiya aka cire min kuɗi, ga saƙo nan a wayata. Ina kayana?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. A wajenmu kwamfuta ta nuna ba a biya ba."

"To kwamfutar ce ta ci kuɗin? Ba ni maigidanka."

Yaron bai yi ƙarya ba, Hajiya ma ba ta yi ba. Bari mu bi sawun abin.

Abu na farko da ɗan jarrabawa zai riƙe shi ne, Salesforce yana ɗaure ayyukan da ke cikin zama ɗaya a dunƙule. Idan mataki ɗaya ya faɗi kuma admin bai tanadi komai ba, sai manhajar ta warware duk abin da aka rubuta a wannan zaman, komai ya koma yadda yake. Mai aiki a gaban allo zai ga wani saƙo da Turanci mai cewa an sami kuskuren da ba a tarba ba, saƙon da ba ya gaya masa me zai yi. Abin ba daɗin gani, amma littafi ya zauna a tsabtace: ba oda, ba ragin kaya.

Don kauce wa wannan saƙo aka yi hanyar kuskure. Daga duk matakin da ke taɓa bayanai, ko karantawa, ko rubutawa, ko gogewa, admin zai iya jan layi na biyu ya ce: in ka faɗi, bi nan. A kan wannan layin sai ya sa abin da yake so. Ya nuna wa yaron shago bayani da Faransanci ko Hausa, ya ajiye asalin saƙon kuskuren a wani littafi na musamman, ya sanar da wanda ya dace.

A nan ne tarkon yake, ku kasa kunne da kyau. Da zarar ka ja hanyar kuskure, manhajar za ta ɗauka ka karɓi ragamar lamarin. Ba za ta warware matakan baya da kanta ba. Ke nan idan an rubuta oda, an rage turmi uku, sai takardar fitar da kaya ta ƙi fita, hanyar kuskure ta tarbe ta cikin ladabi ta rufe magana, to oda tana nan, kaya sun ragu a lissafi, shaddar kuwa tana kan kanta ba wanda ya san za a ɗauke ta. Wanda bai ja layin ba ya sami hayaniya da littafi mai kyau. Wanda ya ja shi da rabin sani ya sami shiru da littafi mai ƙarya. Ni a ganina na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Maganinsa yana cikin manhajar. A tsarin da mutum ke cikawa a allo, akwai mataki mai suna Roll Back Records da ake ɗorawa a kan hanyar kuskure don ya warware abin da aka rubuta a wannan zaman. A tsarin da ke tashi da kansa idan an shigar da sabon bayani, akwai Custom Error, wanda ke tsayar da aikin, ya warware shi, ya kuma nuna saƙon da kai ka rubuta. Ku riƙe wanne ne na wane, domin irin wannan bambanci masu jarrabawa suke so. Kafin ka ja kowane layi, tambayi kanka: idan wannan mataki ya faɗi, na baya su zauna ko su tafi? Idan saƙon godiya ne ya ƙi fita, kada ka rushe oda saboda shi. Idan ragin kaya ne ya ƙi, rushe ta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu kuɗin Hajiya. Duk warwarar da na ambata a cikin littafinka take aiki. Ba ta da iko a kan kuɗin da suka riga suka bar wayar mutum, ba ta dawo da saƙon da aka aika, ba ta juyo da ɗan benskin da ya wuce Ndokoti. Shi ya sa ma Salesforce ba ya yarda ka kira wata manhaja ta waje alhali kana da rubutun da ba a tabbatar ba. Sai a fara tabbatar da oda, sannan neman kuɗin ya bi ta wata hanya daban da ke tashi daga baya. Idan wannan ta biyun ta faɗi, oda tana nan daram, sai ka tanadar mata matsayi na gaskiya, kamar "ana jiran kuɗi".

A ƙa'idar da MTN ta wallafa wa masu haɗa manhaja da Mobile Money, amsar farko da tsarinka ke samu bayan ya nemi kuɗi tana nufin an karɓi buƙatarka ne kawai. Ba a biya ba tukuna. Sai Hajiya ta sa lambar sirrinta, wataƙila tana kan sallaya, wataƙila wayar tana caji a ɗaki. Matsayin biyan uku ne: ana jira, ya yi nasara, ko ya faɗi. Sanarwar sakamako kuma sau ɗaya ake aiko ta. Idan a daidai lokacin rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke ko kwamfutarka ba ta amsa ba, shi ke nan, ta wuce. Abin da ya sami Hajiya ke nan. Ta biya, sanarwa ta zo ba ta tarar da kowa ba, tsarin shago ya ci gaba da jira har gobe. Gyaran ba wuya: ka sa tsarin ya riƙa komawa da kansa yana tambaya, biyan nan mai lamba kaza, ina aka kwana?

Wannan lamba ita ce mai ceton ka daga bala'i na biyu, wato cire kuɗi sau biyu. Kowace buƙata tana tafiya da lambar shaida tata. Idan amsa ta yi jinkiri, yaro ya ƙosa ya sake dannawa, tsarin kuma ya ƙirƙiro sabuwar lamba, to buƙata biyu ke nan ga oda ɗaya. Idan da tsohuwar lambar ya koma, ɗaya ɓangaren zai ce na san wannan, ba zai maimaita ba. Saboda haka ka ajiye lambar a jikin odar tun kafin ka aika buƙata. Mayar da kuɗi kuma ba kyauta ba ne. Tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan tura kuɗi da cire su ta waya, ban da na kamfani. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma wa zai biya, shago ko Hajiya? Rigima kan sefa ɗari biyar tana iya raba ka da mai sayen da kuka shekara goma tare.

Kuskure kuma iri biyu ne, ba a yi musu magani ɗaya. Akwai mai wucewa: rezo ya yi rauni, wuta ta ɗauke, ɗaya manhajar ta cika da jama'a. Wannan a jira a sake gwadawa, da tazara mai ƙaruwa, minti ɗaya, minti biyar, rabin awa, kuma da iyaka. Kun tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da abin ya taɓa. Irin wannan ba ta minti biyar ba ce. Tsarin kirki zai jera ododin a layi, ya faɗa wa masu saye gaskiya, ya sanar da mutum. Akwai kuma mai zama: lambar waya ba daidai ba, kaya sun ƙare, ba a rubuta inda za a kai ba. Ko ka gwada sau dubu amsa ɗaya ce. Wannan tun a bakin ƙofa ake tare shi da dokar tantancewa. Tun 2014 lambobin Kamaru alƙaluma tara ne, na salula kuma da 6 suke farawa. Sa doka ta ƙi karɓar wanda bai cika ba, amma ka bar gurbi ga mai saye na Njamena ko Mubi, kada ka kori ciniki da hannunka.

Batun adireshi ma haka. Manhajojin nan an gina su ne don garuruwan da kowane gida ke da lamba. Mu a nan kwatance muke yi: bayan Shell New Bell, ka shiga lungu na biyu, kusa da mai kilishi. Idan ka tilasta cika gurbin lambar gida, yara za su riƙa zuba sifili don su wuce. Gara ka tilasta kwatance da lambar wanda zai karɓa. A watan Yuli da Agusta kuma, lokacin da ruwa ke cika lungunan New Bell, "an kasa kaiwa yau" ba laifin kowa ba ne, matsayi ne da ya kamata ya kasance a cikin tsarin tun farko.

Sai tambayar da nake ganin ta fi kowacce muhimmanci: wa ake gaya wa? A Salesforce, idan tsari ya faɗi, imel ɗin kuskure yana zuwa ne ga wanda ya yi masa gyara na ƙarshe, sai fa in an canza wannan a saitin sarrafa ayyuka zuwa jerin mutanen da aka zaɓa. Ku duba yadda abin yake a aikace. Matashin da ya gina tsarin ya sami aiki a Yawunde ya tafi. Kwamfuta tana ta kuka a akwatin imel ɗin da ba mai buɗewa, a shago kuma kowa na ganin lafiya lau. Wannan tambayar jarrabawa ce, kuma asarar gaske ce.

Kada ku ɗauka ciwon ƙananan shaguna ne. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45, saboda manhajarsa ta riƙa zuba ododi ba tsayawa. Da hukumar kula da kasuwar ta bincika, sai ta gano cewa tun kafin a buɗe kasuwa a ranar, tsarin ya aika wa ma'aikata imel 97 masu nuni ga matsalar, ba wanda ya ɗauki mataki. Don haka sanarwa ta je ga mutum mai suna, ta hanyar da yake dubawa, kuma ta faɗi abu uku: wace oda ce, a ina ta tsaya, me za a yi. Kada kuma ka cika shi da sanarwa kan kowane ƙaramin abu, domin zai daina karantawa.

Akwai kuskuren da ko hanyar kuskure ba ta gani, saboda a wajen kwamfuta ba kuskure ba ne. Mu da muka yi boko da Faransanci, sefa dubu goma sha biyar muna iya rubuta ta 15, ɗigo, sifili uku. Manhajar da aka saita da Turanci za ta karanta wannan ɗigo a matsayin gutsure, ta ɗauka sefa 15 ce. Za ta karɓa da murna, ta fitar da rasit, ta aika ɗan benskin. Babu ja, babu ƙara. Abin da ke kama irin wannan shi ne lissafin yamma: a jera ododin ranar, da kuɗin da suka shigo asusun waya, da kayan da suka fita daga sito, a ga ko ukun sun yi daidai. Ka gina rahoton da ke fito da duk odar da ta wuce awa biyu tana jira, da duk wadda farashinta ya yi ƙasa fiye da kima.

Idan lissafi bai yi daidai ba, a nan zan roƙi iyayenmu 'yan kasuwa: kada a fara da kama yaro. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya fiye da 900 bisa zargin sata da ha'inci, hujjar kuwa alƙaluman wata manhaja ce mai suna Horizon ta kamfanin Fujitsu. Wasu sun yi zaman kurkuku. Daga baya ta tabbata manhajar tana da kurakurai, har majalisa ta yi doka a 2024 don soke hukunce-hukuncen. Littafin kuskuren da admin ke ajiyewa, mai kwanan wata da awa da lambar oda, shi ne zai iya wanke yaron shago ko ɗan benskin ranar da aka ce kuɗi sun ɓata.

Abu na ƙarshe a ɓangaren karatu shi ne iyaka. Salesforce gida ne na haya da kamfanoni da yawa ke ciki, don haka ya yanka wa kowa rabonsa: a zama ɗaya, neman bayani sau 100, rubutu sau 150. Wanda ya sa matakin rubutu a cikin zagaye, kowane kaya da nasa rubutun, ba zai ga matsala da oda mai kaya uku ba. Sai ana gobe Sallah, wani dillali ya aiko da jerin kaya 200. Wuce iyaka kuwa hanyar kuskure ba ta tarbe shi, zaman gaba ɗaya ne zai rushe. Tara kayan a jeri ɗaya, ka rubuta su sau ɗaya bayan zagayen ya ƙare.

To ga tambaya irin ta jarrabawa. Wani admin ya gina tsarin allo mai rubuta oda sannan ya rage kaya. Ya ja hanyar kuskure daga matakin ragin kaya, mai nuna wa ma'aikaci saƙon ban haƙuri. Bayan mako guda aka tarar da ododi da yawa waɗanda ba a rage musu kaya ba. Me zai yi? Na ɗaya, ya cire hanyar kuskuren. Na biyu, ya ƙara matakin warwarewa a kanta. Na uku, ya canza mai karɓar imel. Na huɗu, ya sa tsarin ya sake gwadawa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Na ɗaya zai tsabtace littafi amma ya bar ma'aikaci cikin duhu. Na uku yana da amfani, sai dai ba zai hana rabin oda zama ba. Na huɗu bai san ko kuskuren mai wucewa ne ko mai zama ba. Amsa ita ce ta biyu.

Aikin gida na wannan mako: ku buɗe filin gwaji na kyauta a Trailhead, ba a kan tsarin shagon maigida ba. Ku gina odar Hajiya da mataki uku kacal, sannan ku karya na tsakiyan da gangan, misali da dokar tantancewa da ba za a iya cikawa ba. Ku gwada ba hanyar kuskure, ku duba littafi. Ku ja ta ku sake gwadawa, ku duba. Sannan ku ƙara warwarewa, ku duba na uku. Ku rubuta abin da ya rage a littafin kowane karo, da kuma akwatin da imel ya faɗa.

A shiri na gaba za mu ɗauki batun izini: wa ke da ikon soke oda, wa ke da ikon mayar da kuɗi. Sai Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)